Faɗuwar Yaya Zalihatu

Jumma'a, 20 ga Disamba 2024

An ba da konjen Nowel, makaranta ta tafi hutun Kirsimeti. Alhamdu lillahi, na huta da ƴaƴan mutane da majinarsu. Tun da sanyi ya shigo rabin ajina tari suke, rabi barci.

Na share tsakar gida, na fito da tabarmin roba. Daga jibi za mu koma yoga, motsa jikinmu na kowace safiya, ni da Angèle ta asibiti, da Eliane sakatariya, da matar mai farmasi, wato shagon magani. Na gaya musu tun yanzu, duk wadda ta san za ta cika tumbinta da shinkafar Nowel da tsalar gidan biki, ta zo ta biya a kan tabarma. Bara Eliane ta koma buro, wurin aikinta, zanenta ba ya zagaye ta. Ni kuwa rigar da na ɗinka tun ina ɗaliba a Yamai har gobe tana yi mini daidai, kuma ba sa'a ba ce, aiki ne.

Ana cikin haka sai ga waya daga Sukukutane, ƙauyen da yayata take aure. Wai Yaya Zalihatu za ta zo ganin likita, jiri yana ɗibar ta. A ina za ta sauka? Gidan Salma mana. Ai gidan Salma tasha ne.

Asabar, 21 ga Disamba

Ta iso a bayan motar kasuwa, a matse tsakanin buhunan wake, da ƙullin daddawar da ta cika mini gida da wari. Wayyo Allah, Yaya ta zama rumbu. Ciki ɗaya muka fito, ni ke bi mata, amma wanda ya gan mu zai rantse ita ta haife ni. Wuya ya ɓace. Dakalin ƙofa kaɗai ta hau ta tsaya tana haki.

Angèle ta leƙo da yamma ta auna ta. Tansiyo, wato awon jini, ya hau, sukari ma ya hau. Ta ce kafin a ga likita ranar Litinin a rage gishiri, a rage fura mai zaƙi, a riƙa motsa jiki. Yaya ta ce, "Motsa jiki? Ni da nike daka tun asuba?" Na ce dakan ne ya ba ki wannan tumbin? Ta yi dariya. Haka take tun muna yara, ka zage ta ta yi maka dariya, kuma shi ya fi ƙona mini rai.

Gobe za ta hau tabarma. Tunda gidana ta zo, dokata za ta bi.

Lahadi, 22 ga Disamba

Na tashe ta da sanyin safe, na ba ta tsohon wandon sapor, na motsa jiki, na mijin Angèle, don nawa ko ƙafarta ɗaya ba zai ɗauka ba. Ta ɗaura zane a kai, ta ƙara hijabi, ta ƙara bargo. Na ce Yaya, yaƙi za mu? Sai da na yi da gaske ta ajiye bargon.

Tirƙashi! Na ce a sunkuya a taɓa yatsun ƙafa, hannunta ya tsaya a gwiwa. Na ce a kwanta rub da ciki a ɗaga ƙirji, ita cikin ya riga ya ɗaga ta. Matar mai farmasi ta cusa baki cikin gyale tana ƙyaƙyatawa. Akwai tsayuwar da sunanta na gaskiya kare mai kallon ƙasa, amma ni rumfa nake ce musu, don in na ce kare babu wadda za ta sake zuwa. Rumfar Yaya ta rushe tun ba a kafa ta ba.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne maganar kiɗa. Ina sa wani kiɗa mai sanyi a ɗan rediyona mai ɗaukar kati, na Turawa, violon ne kawai yake ja a hankali. Tana jin sa ta daskare. "Salma, kashe wanga abu don Allah. Shina kama da goge." Na ce ba goge ba ne, kiɗan masu ilimi ne. Da na ce kowa ta rufe ido ta ja numfashi, ta ƙi. Idonta ƙur a kan bango har muka gama.

Na san dalili. Innarmu ƴar bori ce a Matankari, goɗiyar da aljana Doguwa take hawa, kuma Yaya ce ta gaje ta. Ni na tashi ina ɓuya a bayan ɗaki in an fara goge a gidanmu, washegari a lakwal ƴan ajinmu su ce mini ɗiyar mai faɗuwa. Har yau ina ganin Inna ta yi tsalle ta dira da mazaunai, ƙafafu a miƙe, kallabi a ƙasa, jifa ke nan in ji su. Sai ta yi atishawa sannan a ce iskokin sun tafi. Na tsani abin, na tsani ƙanshin turarensu, na tsani yadda Inna take kallon Yaya kamar ita kaɗai ta haifa.

Yaya ta kwashi kayan nan ta kai gidan mijinta Iro. Sau biyu yana sakin ta a kan bori. Da zai mayar da ita na ƙarshe, a gaban limaminsu ya rantse cewa ranar da ta sake faɗuwa, igiyar da ta rage ta tsinke. Tun daga nan ta tuba. Ko a gidan biki aka kawo mai goge, toshe kunne take yi ta bar wurin. An daɗe, lokacin ko cikin Husna autarta ba a samu ba.

To sai me? In kashe kiɗana saboda rantsuwar wani mai awon wake? Ban kashe ba.

Litinin, 23 ga Disamba

Likita ya maimaita abin da Angèle ta faɗa, ya ƙara da ƙwayoyi. Wai ta zauna kusa har bayan sabuwar shekara ya sake duba ta. Konjena ya tafi ke nan. Ga mura ta kama ta, gida duk atishawa.

Talata, 24 ga Disamba

Yau yatsunta sun kai ƙwauri. Murna kamar an ba ta kujerar Makka. Ta ce jirin ma ya ragu. Na ce kin gani, da kin san haka tun da, da ba a kai ga ɗauko ki tare da buhuna ba.

Ta ari salulata ta kira gida. Ina daga ɗaki ina jin ta da Husna. An ba jar akuya dusa? Ta kusa haihuwa fa, a riƙa ɗaure ta cikin zaure da dare saboda sanyi. An rufe bakin rumbu? Ki sa ma babanki ruwan alwala a wuta, ƙafarshi ba ta son sanyi. Ke kina sa rigar sanyinki?

Da ta gama na ce Yaya, mutumin da ya kore ki sau biyu, shi kike ɗuma wa ruwan alwala daga Dogon Dutsi? Ta ce, "Ɗakina ne, Salma. Da hannuna na yaɓe shi." Na ce ni aure biyu na yi, da ƙafata na fito daga kowanne, ga ni nan ban mutu ba, ko ciwon kai ba na yi. Ta ce, "Ke kina da lakwal. Ni can ɗin gare ni."

Can ɗin. Bukkar ƙasa da akuya.

Laraba, 25 ga Disamba

Nowel a gidan su Angèle. Shinkafa da zabbi, soyayyen dankalinmu na Dutsi, lemon kwalba kala-kala. Sun dawo daga coci da ankonsu, gida ya cika. Sun karɓi Yaya hannu biyu, har uwar mijin Angèle ta jawo ta kusa da ita suna hirar damina.

Na zuba mata ido. Ta cinye na farko, ta miƙa hannu ta ɗauko cinyar zabuwa ta biyu. Na tashi daga inda nake, na zagayo, na ɗauke farantin daga gabanta. Na ce wannan cinyar, gobe sai kin tsaya da ƙafa ɗaya kafin ta narke. Wasu sun yi dariya. Wasu ba su yi ba. Na tura mata kwanon kopto, na ce ga naki, ganye.

Angèle ta biyo ni madafa. "Salma, yayarki ce fa, kuma baƙuwata ce." Na ce ke ce kika fara cewa a rage mata, ko kin manta? Ta ce ba a gaban mutane ba. To a ina? In ba a ji kunya ba ai ba a ramewa.

A hanyar gida ta yi gaba abinta ta bar ni a baya. Oho.

Alhamis, 26 ga Disamba

Kai, yau na yi dariyar da na daɗe ban yi ba!

Na cika alkawari, tsayuwar itace muka yi. Ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗayar a jingine da cinya, hannuwa sama. Yaya ta ce in bar ta ta dafa bango. Na ce a'a, babu mai dafa bango a tsakar gidana, ta matso tsakiya. Na ɗauko salula ina ɗaukar su don in nuna wa kowa kuskurenta daga baya. Ta ɗaga ƙafa. Ta yi rawa, ta yi rawa, hannuwa suna fiffika, sai tim! Da mazaunai ta dira, ƙafafu a miƙe gaba, kallabi ya yi nasa wuri, kitso a waje. Violon yana ta ja abinsa. Ta zauna ido a zare. Sai atishawa, ɗaya na bin ɗaya.

Wallahi Inna sak. Na riƙe ciki har hawaye. Eliane ba ta gane abin da ya sa dariyar ta yi yawa ba, ita ba ƴar Arewa ba ce, amma matar mai farmasi ta gane, tana a'uzubillahi tana dariya. Angèle ce ta je ta ɗaga ta.

Da rana na yanke bidiyon. Na cire su Eliane, matan manya ne, mazansu ba za su so a gan su da wando ba. Na bar Yaya ita kaɗai, daga rawar har atishawar. Na ɗora a sitatus, inda duk mai lambata zai gani, na rubuta a ƙasa: Doguwa ta zo sapor.

Ba ta sani ba. Ina za ta sani, ita da ko sunanta aka rubuta ba ta gane shi.

Jumma'a, 27 ga Disamba

Salula ba ta huta ba tun jiya. Diraktanmu ya aiko fuskokin dariya jere. Ƙawayena na Yamai da suka manta da ni duk sun tuno ni. Wata ta ce in buɗe shafi, zan yi suna.

Jibrilla ƙanen Iro ya shigo kasuwa, ya biyo da gaisuwa da ɗan gero. Ya zauna a bakin tabarma, an kawo ruwa bai sha ba, sai kallon Yaya yake yi ta gefen ido. Ya ce, "Jikin da sauƙi?" Ta ce da sauƙi, jirin ya ragu. Ya ce, "Hmm." Bai daɗe ba ya ce mota za ta bar shi.

Na manta yana da lambata. Kuma ya yi lakwal har aji shida, yana karatu.

Yana fita na goge sitatus ɗin. Ba don komai ba, ya riga ya tsufa.

Asabar, 28 ga Disamba

Iro ya kira tun ba mu naɗe tabarmi ba. Na miƙa mata. Daga inda nake ina jin muryarsa. Abin da na tsinta shi ne kada ta tako masa gida, kuma ya ga abin da ta je yi birni, ashe likitan ke nan. Tana ta cewa, "Mi? Mi na yi? Wane hoto?" Ya kashe.

Dole na nuna mata. Ta riƙe salular da hannu biyu ta kalli kanta tana faɗuwa. Ta ce in maido, na maido. Ta ce ina su Angèle, ai tare muke? Na ce na cire su. Ta ce ya ce akwai rubutu a ƙasa, mi anka rubuta? Na faɗa mata. Ta ɗago ta dube ni. "Ke kika rubuta?" Na ce wasa ne, Yaya, ke ma ba ki san wasa ba? Ta ajiye salular a hankali kan tabarma, ta shiga bayi, ta daɗe ba ta fito ba.

Na kira Iro da kaina. Na ce masa ko jaki ya kalli bidiyon nan ya san motsa jiki ne. Ya ce, "Goge na ji da kunnena, jifa na gani da idona, atishawa ma na ji ta. Kuma ƙanwarta ta shaida da rubutunta." Na ce jahilci ne ke damun ku daga kai har garinku. Ya ce madalla, ya kashe.

Vraiment, mutanen nan. Ka nuna musu mace ta zame, su ga aljani.

Lahadi, 29 ga Disamba

Limaminsu ya kira, Malam Abdussalamu. Shi kam yana da hankali, a sanyaye ya yi magana. Ya ce rantsuwar Iro a kan bori take. In ba bori ba ne, aure yana nan daram. Amma maganar Zalihatu ba za ta wadatar ba, don kowa a garin ya san wadda iskoki suka hau ba ta tuna komai in sun sauka, ko ta rantse za a ce ba ta sani ba ne. Wadda ta ɗauki hoton ita ake so, ta zo da ƙafarta, ta rantse a gaban dattawa, ta nuna cikakkensa. Ya ce, "Ki yi sauri, ɗiyata. Gari ya ɗauka, kuma Iro ba shi da haƙurin dariya."

Na ce bari in tura musu cikakken kawai a huta. Matar mai farmasi ta yi tsalle ta dire, wai in hotonta da wando ya shiga salular mutanen ƙauye nata auren ne zai bi baya. Eliane ma ta ce atafau. Bon. Sai dai a kai salular da hannu, a nuna, a dawo da ita.

Ni? In bi wannan yashin a cikin sanyin nan, in je in durƙusa gaban tsofaffi ina rantsuwa kamar ɓarauniyar akuya? Garin da ko ruwansu ba na iya sha. Kuma jibi Talata ni ke karɓar walimar ƙarshen shekara ta malamai mata, tun watan jiya aka sa a gidana, an riga an kawo zabbi. Na ce wa malam zan zo bayan sabuwar shekara. Ya ce Allah Ya kai mu.

Yaya ba ta fito tabarma ba yau. Mun yi numfashin kwantar da hankali. Ya yi mini amfani sosai.

Litinin, 30 ga Disamba

Ta durƙusa mini. Da wannan jikin, a tsakar gida, a gaban su Angèle. Ta kama ƙafafuna. "Salma, ban taɓa roƙon ki komi ba. Akwai mota da hantsi. Mu kwana can, gobe da safe mu komo, ni yi miki girkin duka in mun komo." Na ce tashi don Allah, tansiyonki za ki tayar, ki ja mini aiki. Na ce kwana uku ba sa kashe aure. Auren da bidiyo zai kashe, da ma can a mace yake.

Angèle ta ce ita za ta je. Na ce ke kina da gadi, aikin kwana a asibiti, kuma ba ke malam ya nema ba. Ta naɗe tabarmarta, ta ce ba za ta sake tako tsakar gidan nan da sunan yoga ba sai na je na dawo. Ta tafi mana. Da ma bayanta bai taɓa miƙewa daidai ba.

Kowa sai ya mai da ni muguwa. Na ce zan je. Na ce ba zan je ba ne?

Talata, 31 ga Disamba

Walima ta yi kyau, kowa ta yaba. Yaya ce ta fige zabbin, ta feraye dankali, ta tsaya kan wuta tun safe ba wanda ya sa ta. Gaskiya hannunta yana da daɗi.

Da ta shigo da faranti sai aka fara taɓa juna. "Ita ce?" Wata sabuwar malama, yarinya mara kunya, ta ce Hajiya a ɗan maimaita mana mana. An kwashe da dariya. Yaya ta yi murmushi, ta tattara kwanukan da aka gama da su, ta fita.

Gobe hutu, ba mota. Jibi.

Laraba, 1 ga Janairu 2025

Barka da sabuwar shekara, Salma.

Salular Iro a kashe. Ta malam tana ƙara, ba a ɗauka. Yaya ta ɗaure ƙullinta tun safe, da ƴar ledar alewa ta Husna a sama.

Jumma'a, 3 ga Janairu

Jiya ban rubuta ba, a can muka kwana.

Mota ta kafe a yashi, sai da muka sauka aka tura. Muna shiga Sukukutane yara suka biyo mu, ga ta nan, ga ta nan. Wani ya yi tsalle ya dira da mazaunai a gabanmu ya yi atishawar ƙarya. Yaya ta ja hijabi ta rufe fuska.

Zauren malam ya cika da dattawa. Iro yana can kusurwa, bai ɗago ba. Na rufe kaina, na durƙusa, na rantse. Ni Salma. Na buɗe cikakken bidiyon, mata huɗu a tsaye da ƙafa ɗaya, ga muryata ina ƙirga musu da Faransanci, ga rediyon a kan kujera. Salula ta riƙa yawo daga hannu zuwa hannu. Wani tsoho ya ce to mi ke sa mutum da lafiyarshi ya tsaya da ƙafa guda? Na ce don lafiyar ake yi, Baba. Bai gane ba. Sai na miƙe na yi musu, da zanena, a tsakiyar zaure, hannuwa sama. Babu wanda ya yi dariya. Aka tambaye ni rubutun fa? Na ce ni na yi, wasa ne. Nan ma babu wanda ya yi dariya.

Malam ya ce, "Na gamsu. Ba bori ba ne." Na juya zan ce wa Yaya kin gani, ai na gaya miki. Sai ya ce, "Amma ɗiyata, na ce ki yi sauri."

Ashe ranar Talata samari sun taru a gaban rumfar Iro da yamma. Ɗaya yana goge da karan dawa, ɗaya yana jifa, har da atishawa. Masu awo da masu wucewa duk suka tsaya ana dariya. Ya miƙe tsaye ya ce shi ba ya jiran kowa kuma, ya sake ta. Ya kira sunanta da sunan ubanmu, a gaban jama'a, babu in kaza babu in kaza. Ta ukun ke nan.

Talata da yamma. Ina jera faranti.

Na yi gardama. Na ce fushi ne, na ce a kan kuskure ya faɗa, na ce a je Dutsi a tambayi manyan malamai. Malam ya ce ya riga ya tambaya, shi ya sa bai ɗauki wayata ba, yana neman ƙofa bai samu ba. Maganar ta fita sarai, kuma da hankalinsa ya faɗe ta. Iro ya sa kai tsakanin gwiwoyi ya fashe da kuka, kuka mai ƙara, ƙaton mutum da furfura. Na shirya abin da zan gaya masa tun a mota. Ban faɗa ba.

Yaya abu ɗaya ta tambaya. "Husna fa?" Yayan Iro ya ce yarinya ta yi wayo, gidan ubanta za ta zauna.

Aka ba ta zuwa safe ta kwashe kayanta. Mata sun jeru a bakin darni suna kallo. Jar akuyar ta haihu, biyu. Ta tsuguna ta daɗe tana shafa su, ta ce na Husna ne, kada a sayar. Ta nuna wa yarinyar yadda ake ɗaure bakin rumbu, ta sa ta yi a gabanta har ta iya. Da mota ta tashi yau da safe Husna ta biyo mu da gudu da ledar alewar a hannu, sai da wata mata ta kama ta.

Mun wuce gonaki, mun wuce rijiya. Sai can da muka hango dutsen ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Da kin bar ni na dafa bangon."

Asabar, 4 ga Janairu

Eliane da matar mai farmasi sun zo da tabarminsu. Na ce bayana yana ciwo, motar ce.

Ni na sa Iro ya buɗe baki a gaban mutane? Ni na aiko samarin? Ni na ƙirƙiro bori, ko ni na ce a yi rantsuwa a kan igiyar aure? Na je. Na durƙusa. Har tsayuwar na yi musu. Me kuma ake so?

Babu wanda ya ce ana son wani abu. Ita ma ba ta ce ba.

Lahadi, 5 ga Janairu

Angèle ta zo daga coci ta auna ta. Ya fi na ranar da ta zo hawa. Ta zauna da ita a ɗaki sun daɗe. Da za ta fita ta gaishe ni kamar yadda ake gai da mai gadi.

Litinin, 6 ga Janairu

An koma lakwal. A ɗakin malamai abokin aikina, Mushe Ɗantala, ya ce in sake turo masa bidiyon nan, matarsa ba ta gani ba. Na ce na goge. Ya ce ba komai, zai samu wurin wani, ai ya zagaya. Na shiga aji tun ba a kaɗa ƙararrawa ba, na zauna ina kallon bencina.

Na dawo na tarar an share gida har bayan randa, an wanke kayana duka an shanya, har waɗanda ba su yi datti ba. Ina zama ta kawo mini ruwa, ta durƙusa ta ajiye. "Sannu da aiki, Madam."

Na ce wace Madam kuma? Ni ce fa, Salma. Ta ce to. Ba ta tashi ba. Ta ce, "In kin yarda, ina son in aje kaji biyu can bayan bayi. Ba su ɓata miki tsakar gida, ni riƙa sharewa."

Na ce ki ajiye goma, ki kawo awaki ma in kina so, gidanki ne. Muryar ta fita da ƙarfi kamar faɗa, ban san me ya sa ba. Ta ce a'a, biyu sun isa, su ne mutum ke iya ɗauka a hannu ranar da anka ce ya tashi.

Ta yi tuwo. Yana nan a rufe, zan ci in an jima.